Daɓen Da Na Yi Wa Hanyar Ruwa

Tsufa ya ɗauke mini abubuwa da yawa, har sunayen abokan da muka ci tuwo kwano ɗaya, amma akwai rana guda da na tabbata ba zan taɓa mantawa da ita ba har in koma ga Allah. Ita ce ranar da ruwan farko ya sauko gangaren garinmu, ina tsaye a tsakiyarsa da fartanya a hannu. Na daɗe ban ba kowa labarin ba. Yanzu da na ga sa'o'ina sun kusa ƙarewa, na ga gara in faɗa da bakina.

Garinmu yana ƙasar Faskari, a jikin tudu aka kafa shi. Kasuwa da turakun dabbobi da sababbin gidaje suna sama, tsofaffin gidajen asali suna ƙasa, dab da fadama. Hanya ɗaya ce babba ta haɗa sama da ƙasa. Kafin a gyara ta, duk damina sai ruwa ya zaizaye ta, ya rarrabu cikin lunguna, kowane gida ya sami ɗan rabonsa na taɓo, a yi tsaki a wuce. Ba wanda ruwan ya taɓa yi wa ɓarnar da ta wuce jiƙa zaure.

A gidan ƙarshe na gangaren aka haife ni. Mahaifiyata ta rasu ina goye, saboda haka kakata, wadda ta haifi babana, ita ta raine ni. Iya muke ce mata. Daddawa take yi, kuma duk wanda ya zo daga Kankara ko Sabuwa ranar kasuwarmu ya san tata. Da na yi aure na gina nawa gida a sama, na yi na yi ta biyo ni ta ƙi. Ta ce a ɗakin nan aka kawo ta, daga ɗakin nan za a fitar da ita. Ta zauna tare da baffana da matarsa da 'ya'yansu. A lokacin da nake ba da labari ƙafafunta sun riga sun yi nauyi, daga gado zuwa bakin ƙofa sai da dogara sanda.

Zamanin ne da kuɗin man fetur suka cika ƙasa. Ba a daɗe da barin fam an koma naira ba, kowa ka gani da rediyo a kafaɗa, masu hali suna sauke jinka suna buga kwano. Sai ga wani kamfani da motocinsa, wai an ba su aikin hanyarmu. Suka fara bayan ɗaukewar ruwa. Suka zuba kwalta daga kasuwa har ƙasa, suka ɗaga wa hanyar baki da siminti hagu da dama, suka gina babbar kwata a gefe suka rufe ta. Sannan a wuri biyar suka tsaga hanyar daga wannan gefe zuwa wancan, suka shimfiɗa ragar ƙarfe a kan tsagar, yadda ruwan da ya biyo kwalta zai faɗa ciki ya shige kwatar.

Ni a lokacin matashin magidanci ne mai jakuna huɗu, ina yi musu jigilar yashi. Akwai helumansu, wato shugaban leburori, wani dattijo daga wajen Zariya, mai yawan shiru. Wata rana muna hutawa na tambaye shi, cikin iyayi irin nawa, me ya sa za a yi wahalar raga har biyar, alhali ruwan duk ƙasa za shi. A yi babba guda a ƙarshe mana, a huta.

Ya dube ni ya ce, "Ka taɓa tare jakinka da ya balle a gangare?"

Na ce sau nawa.

Ya ce, "A ina ka fi iya kama shi, a bakin turke ko bayan ya yi nisa da gudu?"

Na ce a bakin turke.

Ya ce, "To, haka ruwa yake. A can sama siriri ne, tafiya yake a hankali, ragar farko za ta shanye shi kusan duka. In ya wuce ta, ƙaruwa yake yana ƙara gudu. Ruwan da ya yi gudu ba faɗawa yake cikin raga ba, tsallake ta yake. Na sama su ne masu aikin. Na ƙasa ragowa kawai suke tsinta. Ku dai riƙa share su, musamman kafin ruwan farko."

Na ce to. Irin to ɗin da ake ce wa babba don a tashi lafiya. Aiki ya ƙare cikin rani, kamfani ya kwashe kayansa, heluma ya tafi, ban sake ganinsa ba. Ku lura da wannan: har suka tafi ba wanda ya taɓa ganin ragar nan ta sha ko ɗigon ruwa. Abin da muka gani kawai shi ne wahalarta.

Wahala kuwa ta ba mu. Tayar keke na maƙalewa a tsakanin ƙarafan. Sandar makaho na zurmawa. Shanu in sun iso sai su toge, su yi ta huci, sai an yi da gaske. Amma jakuna suka fi kowa shan wuya, don kofaton jaki daidai yake da faɗin tsagar, kamar an gwada. Da bazara ta shigo, lokacin kai taki gona, sai abin ya zama masifa. Duk takin garin a sama yake, a turaku. Hanyar gonaki kuma wani lungu ne da ya balle daga kwalta bayan raga ta uku. Kowane sawu sai ka tsallaka da jakuna raga uku da kaya, ka sake tsallake su a dawowa. Akwai wata hanya ta bayan maƙabarta wadda ba ta taɓa kwalta, amma zagaye ce, tana cinye wa mutum sawu biyu a yini. Ba wanda ya so ta, ni ma ban so ta ba.

Wata safiya babban jakina, wani baƙi da na fi ji da shi, yana ɗauke da mangala cike, ƙafarsa ta gaba ta zurma a raga ta biyu. Nauyin kayan ya tura shi gaba. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Muka taru muka zare ƙafar tana reto. Jaki ba abin yanka ba ne, ba kuma a ɗora shi ya tashi. Muka ja shi bayan gari, ya kwana uku yana kallona duk sanda na kai masa ruwa, sannan ya mutu. Raina ya ɓaci ƙwarai, na zagi kamfani, na zagi heluma, na zagi duk wanda ya zauna a ofis ya zana abin da bai taɓa kora jaki a kai ba. Har yau ina ganin a wannan ɓangaren ina da gaskiya.

Muka je wurin mai unguwa, mu masu jakuna. Na ce a bar mu mu rufe uku na sama har a gama kai taki. Ya ce, "In hukuma ta zo hwa?" Wani ya ce hukumar da ta tafi tun rani ba ta waiwayo ba. Na ce ai biyu na ƙasa suna nan a buɗe, su ne ma kusa da gidaje. Na dafa ƙirji na ce ni da hannuna zan buɗe kafin ruwa. Ya ce to, a wuyana.

Da farko zana muka shimfiɗa muka zuba ƙasa. Kwana biyu awaki suka cinye gefen, kofato ya huda tsakiyar. Sai dabara ta zo mini, kuma wannan dabarar ce ta kashe ni. Na tsinto guntayen kwanon rufi da kafintoci suka zubar, na jera a kan ƙarafan. Na kawo marmara na baza a kai. Na ce daɓe zan yi.

Daɓe aikin mata ne, kowa ya sani. Amma ni a gindin Iya na tashi, tun ina ƙarami na iya riƙon madaɓi, na san yadda ake yayyafa ruwa, na san sanda ƙasa ke cewa ta ƙoshi. Abin da ke sa daɓe ya yi ƙarfi har ruwa ya kasa shigarsa shi ne makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa. Duk garin kuwa ba mai tarin ɓawon ɗorawa kamar mai daddawa. Saboda haka na gangara wurin Iya.

Na same ta a bakin ƙofar ɗakinta tana tsince kalwa. Ɗakin nata a jikin katangar waje yake, bayansa na kallon hanya. Ta ɗago ta ce, "Maigida, yau an tuna da tsohuwar mata? Halan amaryar ta kore ka."

Na ce, "Kora kam ba ta yi ba, makuba na zo roƙo."

"Ɗakinta za ka daɓe? Ni ban ga ka daɓe nawa ba."

Na gaya mata gaskiyar abin da zan yi. Ta daina tsintar. Ta ce, "To, ruwan hwa, ina za shi?"

Na ce, "Wane ruwa, Iya? Ko hadari bai fara ba. Ana gama taki zan fasa."

Ta ce, "Wanga abu in ya kama ba shi saki. Ka sani."

Na ce na sani. Ta sa aka sauko mini da buhu biyu. Ita da kanta ta jiƙa mini a babbar randarta, don ta ce in ta bar ni zan ɓata shi. Na ɗauki ruwan makubar a tulu, da yamma, ta bi ni da ido har na fita zaure.

Kwana huɗu na yi ina aikin. Maza suna wucewa suna yi mini dariya, wai a kawo mini zane. Mata suna leƙowa suna cewa in yi waƙa mana, daɓe ba ya kyau da shiru. Ban kula ba. Na daɓe, na shafa makuba, na bari ya sha rana, na sake shafawa. Da ya bushe ya fito ja wur, sumul, ya haɗe da kwalta kamar tare aka zuba su. Ranar da jakuna suka fara bi ta kai ba ko gezau, sai dariya ta koma yabo. Masu keke suna ɗaga mini hannu. Wani Alhaji mai shanu ya ce na fi kamfani hankali. Ba zan ɓoye ba, maganar ta yi mini daɗi, har na riƙa bin hanyar ko ba ni da kaya.

Aka yi mako uku ana jigila. Zafi ya tsananta, kunama ta fara fitowa, iska ta juya. Wata Laraba da hantsi aka yi ɗan yayyafi, wanda ko ƙura bai gama kashewa ba. Da yamma matar baffa ta aiko wai Iya na nemana.

Na same ta a tsaye, dogare da sanda, a ƙofar zaure. Rabon da in gan ta a nan na manta. Ta nuna mini ƙasa da sandar. Wani ɗan layin danshi ne ya taho daga kwalta ya tsaya a dokin ƙofa, ɗauke da ƙaiƙayi da kashin awaki.

Ta ce, "Ka ga wanga? Ruwan da bai jiƙa mani tabarma ba, ga shi hal bakin ƙohwa. Da can ba shi zuwa nan."

Na ce, "Ai ga raga biyu nan a gabanki, Iya, a buɗe suke. Su za su tare."

Ta ce, "Ni ban san ƙarhe ba. Na dai san ruwa. Ka tahi ka buɗe mashi hanya tai."

Na ce, "Saura gonar mutum biyu. Gobe in gama, jibi da sassafe in fasa."

"Jibi?"

"Jibi, in Allah ya kai mu."

Ta dube ni ta ce, "To. Ba ka taɓa yi mani ƙarya ba." Sannan ta koma wasanta, wai in na zo jibin in taho mata da goro, tunda na zama injiniya.

Alhamis na gama takin mutane, kamar yadda na ce. Juma'a ta waye, jibin ke nan. Na fito da niyya, wallahi na fito da niyya. Na tsaya a kan daɓen farko da asuba na dube shi, na taka shi, na ji tausayin aikina. Na ɗaga kai, sama fes, ko gizagizai babu. Na ce a raina takin tawa gonar yana nan a tsibe ban baza ba, ga maƙwabta sun fara binne. Bari in je in baza, in dawo masallaci, da yamma in nemi aron diga in fasa. Diga ma ban tanada ba, kun ga irin niyyar.

Na tafi gona. Aka sauko daga Juma'a na sake komawa, don saura kaɗan. Ina cikin aiki na ji iska mai sanyi a wuyana. Na juya gabas na ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin tun daga ƙasa. Abin da ya fara zuwa zuciyata farin ciki ne. Na ce alhamdu lillahi, gobe shuka. Sai da ɗigon farko ya faɗo mini a hannu, mai girma, sannan na tuna.

Na bar jakunan a nan na zuba da gudu. Kafin in kai lungu ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na fito kan kwalta daidai raga ta uku, na tarar da hanya ta zama rafi. Bakin simintin nan da aka ɗaga hagu da dama ya hana ruwan fita lunguna kamar da. Duk ruwan kasuwa, da na sababbin kwanonin rufi, da na turaku, ya haɗu a hanya ɗaya, ja, ɗauke da sharar rani gaba ɗaya, yana bi ta kan daɓena sumul.

Na shiga tsakiya na laluba da ƙafa na sami wurin. Na ɗaga fartanya na sara. Ta yi tsalle ta dawo, hannuna ya ɗauki zafi har kafaɗa. Na sake sara, na sake. Ruwa yana dukan ƙwaurina yana neman kayar da ni. Bakin fartanyar ya lanƙwashe, daga baya ƙotar ta karye. Na durƙusa na sa yatsu ina neman gefen kwano in ɓamɓare, amma na daɓe gefen da kyau, ban bar ko inda farce zai shiga ba. Ina jin kwatar da ke gefena a ƙarƙashin murfinta tana amsa sautin ruwan sama, fanko.

Na tashi na bi ruwan zuwa ƙasa, ina dafa katangu. Da na iso raga ta huɗu na ga abin da heluma ya faɗa, da idona. A buɗe take, amma ruwan bai ko san da ita ba. Yana isowa da gudu sai ya bugi ƙarfen farko ya yi sama, ya dire a can gaba. Ɗan abin da ke faɗawa a gefe-gefe bai kai a ambata ba. Ta biyar kuwa kara da tsummoki da wata tsohuwar tabarma sun liƙe mata fuska. Bayan ta biyar kwalta ta ɗan karkata, ruwan kuwa bai karkata ba. Miƙewa ya yi ya tsallake bakin siminti, yana dukan katangar gidanmu, daidai bayan ɗakin Iya.

Ban kai ba. Tsakanina da zaure bai fi taku talatin ba sanda katangar ta tafi. Ba ta yi wata ƙara mai yawa ba. Gindinta ne ya narke, ta zauna, sannan ta kwanta ciki, rufin ɗakin ya bi ta. Na ga matar baffa a gefen hanya, ruwa har cinya, da goyo a baya da yaro a kowane hannu, bakinta a buɗe amma ba na jin abin da take cewa.

Ruwan bai daɗe ba. Kafin la'asar ya ɗauke, rana ma ta fito. Mutane suka taru da shebur da hannu muka tone. Ni na fara taɓa ƙafarta. Tana kan gadonta, azara ta danne mata ƙirji, carbinta na naɗe a hannu, taɓo ya cika ɗakin har rabin gado. Randar da ta jiƙa mini makuba tana tsakar gida, ko tsagewa ba ta yi ba. Aka yi mata sutura aka kai ta kafin magariba. Masu haƙa suka ce ƙasa ta yi laushi, ba su sha wuya ba.

A hanyar dawowa daga maƙabarta na bi ta bakin kwalbatin da kwatar ke zubarwa cikin fadama. Wani bututu ne da babban mutum zai shiga a sunkuye. Alamar ruwan da ya bi ta cikinsa ba ta kai tsawon tafin hannu ba.

Washegari aka zauna makoki, amma zaman bai cika ba, don ƙasa ta jiƙu, kowa yana gaisuwa yana wucewa gona da iri. Ban ga laifinsu ba. Na jira sai da muka rage ni da baffa, na ce, "Baffa, ni na kashe ta." Ya ce in yi istigfari, kwananta ne ya ƙare. Mai unguwa da ya ji ya ce duk garin an taka daɓen nan, ba wanda ya ce a fasa. Liman ya ce ba mai wuce lokacinsa. Duk gaskiya suka faɗa, na kuma yi imani da ita. Amma da wani ya tashi ya kwaɗa mini mari, da na fi samun sauƙi.

Ranar uku matar baffa ta kawo mini ruwa a bayan gida, inda nake zaune ni kaɗai. Ta ajiye ta juya, sai na tambaye ta yadda aka yi. Ta ƙi. Na matsa. Ta zauna nesa kaɗan ta ce da ruwa ya fara shigowa tsakar gida ta ruga ɗakin Iya ta durƙusa ta ce ta hau bayanta. Lokacin akwai sarari, da ta yarda da sun fita.

Na ce, "To, mi ya hana?"

Ta ce, "Ƙi ta yi. Ta ce in bar ta, in kau da yara daga sanyi."

"Don mi?"

Ta goge ido da bakin zane. Ta ce, "Cewa ta yi, yau ne jibi. Ta ce maigidana ya buɗe tun da sahe, wanga ragowa ce, ba shi wuce dokin ƙohwa."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

A ranar na nemo diga. Mutum biyu suka zo za su taimaka na ce su bari. Daga hantsi har rana ta faɗi ina sara kafin in gama na farko, sauran biyun suka ci mini washegari. Ruwan nan ya ɓare kwalta a wurare, ya tumɓuke bakin siminti a ƙasa, amma daɓena ko tsaga bai yi ba. Da na ɗaga kwanon, ƙarafan a bushe suke, har da saƙar gizo a tsakaninsu.

Bayan kwana tara aka sake yin ruwa, wanda ya fi na farko ƙarfi. Na fita na tsaya a cikinsa a bakin ragar farko. Na ga ruwan ya taho siriri ya faɗa ciki, kusan duka. Na gangara ta biyu, ta kwashe abin da ya taru. Ta uku haka. Da na kai inda ɗakin Iya yake a da, abin da ke bin kwalta bai rufe mini idon sawu ba. Ya ɗan taɓa dokin ƙofa ya koma. Daidai yadda ta ce. A nan na zauna cikin taɓo na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Tun daga wannan shekara na koma bin hanyar bayan maƙabarta da jakunana. Sawu biyu take cinye mini a yini, kuma kowane sawu sai na wuce ta gefen kabarin Iya. Duk bazara kuma, da na ji iska ta juya, sai in ɗauki tsintsiya da ƙarfe in bi ragar nan biyar in share, tun daga ta sama. Haka na yi har hanyar ta mutu, aka kwashe ƙarafan. Yara sun taso suna ce mini mai sharar kwata, ba su san dalili ba, ban kuma gaya musu ba.

Abin da na koya guda biyu ne, kuma da tsada na koye su. Abin da ba ka taɓa ganin amfaninsa ba, kada ka yi saurin toshe shi don ya tsaya maka a hanya, wataƙila ranar aikinsa ce ba ta zo ba. Na biyun ya fi ciwo. In ka ce wa mutum jibi, ka sani akwai wanda zai zauna a kan maganarka, ya ƙi tashi ko da ruwa ya shigo masa ɗaki. Ni ban ƙi yi ba, cewa kawai na yi sai yamma. Allah ya jiƙan Iya, ya sa ta yafe mini, don har ta tafi ba ta san na saɓa ba.